Garkuwar aro

Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Shekararsa bakwai, yana aji biyu na firamare, kuma duk bayan mako huɗu ni da shi mukan wuni a asibitin koyarwa ana yi masa ƙarin wani ruwa da likitoci ke kira imunogulobulin. Mu a gida ruwan garkuwa muke ce masa. Shekara huɗu ke nan da ɗoriya muna wannan sintiri, kuma tun ranar farko aka gaya mana abin ba shi da ranar yaye.

Da daminar 2018 na haife shi, ƙato, son kowa. Wata shida na farko ko mura mai nauyi bai yi ba, har mata suna yaba nonona. Yana shiga wata na bakwai kunnensa na dama ya fara zubar da mugunya. Aka ba mu maganin sha, ya tsaya, bayan mako uku na hagu ya karɓa. Kafin ya shekara an kwantar da mu da limoniya. Muka fito, muka koma. Sai gudawa mai kumfa da wari wadda ta ƙi jin magani, sai maruru, sai kunne kuma. Har na kai ina gane zazzaɓinsa tun yana goye, daga ɗumin da ke ratso zani ya taɓa bayana.

Kowa da abin da ya ce. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce haƙori ne, da haƙoran suka gama fitowa ta ce sanyi ne. Wata ta ce belu ne ba a cire da kyau ba, a mai da shi wajen wanzami. Rubutu kam ya sha, hayaƙi ma an yi. A asibiti aka auna sikila, aka ce AA ne. Aka nemi tarin fuka, babu. Gwajin ƙanjamau sau uku aka yi mana, ni da shi da babansa, domin duk sabon likitan da ya ga yawan kwanciyarmu can hankalinsa yake fara tafiya. Kowa ya duba shi sai ya yi maganin abin da ya gani a ranar, kuma ba na ganin laifinsu, likita ɗaya ne ga layi har waje. Sai dai ba a samu wanda ya haɗa ciwon jiya da na yau ba.

A farkon 2021, muna kwance karo na biyar, wata babbar likitar yara ta zo zagayen safe da ɗalibanta. Ta tambaye ni sau nawa aka kwantar da shi. Na ce ƙirge ya ɓace mini, amma takardun duk suna nan. Ina da wata baƙar leda da nake tara komai a ciki, katin asibiti, takardar magani, rasit, hoton ƙirji. Ta ja kujera ta zauna, ta zazzage ledar a kan gado, ta shiga jera takardun bisa kwanan wata. Da ta gama ta juya wajen ɗalibanta ta ce duk yaron da ya yi ciwon kunne sau huɗu a shekara guda, ko limoniya sau biyu, ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta wata biyu ba wani canji, to wajibi ne a tsaya a tambayi dalili. Nawa ya haɗa duka ukun, har ya wuce.

Sannan ta haska maƙogwaronsa da tocila, ta daɗe tana kallo, ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya su leƙa. 'Yan tsokar nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, waɗanda suke kira tonsil, masu kumbura wa yara in suna mura, shi kusan babu su. Ta shafa wuyansa da ƙasan haɓarsa da hammatarsa. Ta ce yaron da kunnensa ya sha wahala haka, ya kamata a ce wuyansa duk kaluluwa ne, shi kuwa ko ɗaya ba ta ji ba.

Sai ta dube ni ta ce: "Maman yaro, a gidanku, ta wajen mahaifiyarki, akwai yara maza da suka rasu suna ƙanana?"

Gabana ya faɗi. Inna ta haifi maza biyu, ɗan farinta da wani bayana, ba wanda ya kai shekara uku. Mu mata huɗu duk mun rayu. A garinmu cewa aka yi wabi take yi in ta haifi namiji, har aka riƙa ba ta saiwoyi tana sha. Ita ma Inna ta taɓa ba mu labarin ƙanenta da ciwon haƙarƙari ya ɗauke yana rarrafe. Shekara biyu ina jinyar yarona, ban taɓa kawo waɗannan yaran a raina ba.

Aka ɗebi jini aka aika Legas. Mako biyu da kwana uku muka jira. Ranar da sakamakon ya dawo ta ce in zo da babansa, ta juya bayan wata takarda ta yi mana zane. Ta ce a cikin ɓargo ake ƙera wasu ƙwayoyin jini da ake kira B, su ne masu haɗa sinadaran kariya, wato antibodi, waɗanda ke maƙale wa ƙwayar cuta su riƙe ta har jiki ya gama da ita. Manyan antibodin nan iri uku ne, IgG da IgA da IgM. Na yarona duka ukun suna ƙasa. IgG ɗinsa bai kai 100 ba, alhali yaro mai shekarunsa ya kamata ya haura 400. Ƙwayoyin B kuwa da aka ƙirga, kamar babu su. Wata shidan nan da ya yi lafiya lau, in ji ta, tawa kariyar yake ci, wadda ta ratsa ta mabiyiya ta shiga jininsa a watannin ƙarshe na ciki. Tana ƙarewa sai ya zauna haka nan.

Da ta ce garkuwar jikinsa ce ba ta cika ba, na ga fuskar maigidana ta canza. A Hausa an riga an ba ƙanjamau wannan suna, cuta mai karya garkuwar jiki, rediyo ta sa shi a kunnen kowa. Likitar ta lura. Ta ce: "Malam, wannan ba waccan ba ce. Waccan ƙwayar cuta ce da ke shigowa daga waje. Wannan da ita aka haife shi, ba a ɗauka, ba ya sa wa kowa." Har gobe wannan kalma ce ta fi ba ni wahala a unguwa. In na ce garkuwa sai in ji an yi tsit, ana kallon juna. Akwai wadda ta hana ɗanta wasa da shi, alhali in ana maganar haɗari nawa ne zai kwaso ciwo a jikin nata, kuma ko da waccan ɗin ce ai ba a ɗaukarta a wajen wasa. Yanzu cewa nake yi jininsa ne ba ya haɗa maganin kansa, shi ya sa ake ƙara masa. Wannan an fi ganewa.

Sunan lalurar XLA, wasu kan ce cutar Bruton, da sunan Ogden Bruton, likitan yara na sojan Amurka da ya fara bayyana ta a 1952 a asibitin Walter Reed. Wani yaro mai shekara 8 ne yake ta dawo masa da ciwo iri ɗaya. Ya auna jininsa ya tarar sashen da ke ɗauke da sinadaran kariya babu shi, sai ya riƙa yi masa allurarsu a ƙarƙashin fata duk wata, yaron ya samu sauƙi. Sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa abin, aka sa mata suna BTK. Tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaren gadon da ke tantance mace ko namiji. Mace X biyu gare ta, in ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa masa asiri, sai ta zauna lafiya tana ɗauke da abin ba ta sani ba. Namiji kuwa X ɗaya gare shi, daga uwarsa ya samo. Duk ɗa namijin da zan haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, kuma duk 'ya macen da zan haifa rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi kamar ni.

A daren nan ban runtsa ba. Daga jikina ne, abin da nake ta maimaitawa ke nan. Wajen asuba maigidana ya ji ina kuka, ya tashi zaune ya ce: "Ke kika zaɓa? Ko Inna ce ta zaɓa? Allah ya ba mu shi a haka, kuma ya haɗa mu da wadda ta gane. Tashi ki yi alwala." Bai sake tayar da maganar ba, kuma bai bar kowa a danginsa ya tayar ba.

Magani ɗaya ne, a riƙa zuba masa abin da jikinsa ba ya haɗawa. Likitar ta rubuta, maigidana ya ɗauki takardar ya zaga manyan kemis na gari. Wasu ko sunan ba su taɓa ji ba. Wani ya miƙo masa allurar nan da ake yi wa mai jego mai jinin negetib, domin ita ma imunogulobulin ce a suna, da bai kira likita a waya ba da ya biya ya taho da abin da ba shi ba. A ƙarshe wani mai shigo da magunguna ya samo mana. Daga waje ake kawo shi, da dala. Kwalba ɗaya mai giram 5 ta fi albashina na koyarwa na wata guda. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefena, suka ɗauke mu wata huɗu. Daga nan ƙannen maigidana suka ɗora wa kansu wani abu duk wata, abokan aikina kuma suka bar mini ɗaukar farko a adashi.

Kafin mu saya sai da maigidana ya je wajen malaminsa, tunda abu ne da aka cire daga jinin mutanen da ba mu san su ba, ba mu san addininsu ba. Malam ya ce hukuncinsa hukuncin ƙarin jini ne, lalura ce, kuma ba ya ƙulla 'yan'uwantaka irin ta nono.

Likitar ta koya mana abin da za mu duba: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, hatimin bakin kwalba, kuma ruwan ya zama garau, ba gurɓata, ba wani abu yana yawo a ciki. A ajiye shi cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare, kada a girgiza. A cikin kula muke ɗauko shi, da tsumma tsakanin kwalbar da ƙanƙara don kada su haɗu. Dare na farko wuta ta ɗauke, maigidana ya ɗauki kular ƙarfe ɗaya na dare ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu mai sola. Tun daga ranar a firjinsu yake kwana, can bayan kwanon miya, kuma ba ma karɓowa daga wajen mai kawo mana sai ana jibi za a yi ƙarin.

Ƙarin farko ranar Talata ce cikin watan Maris, zafi ya fara. Kafin a taɓa kwalbar sai da aka sake ɗibar jini aka ajiye, domin da zarar ruwan ya shiga, duk gwajin da ke neman antibodi na mutanen da suka ba da jinin zai riƙa nunawa, ba nasa ba. Likitar ta ce ma gwajin ƙanjamau ukun da aka yi masa a baya ba abin dogaro ba ne a kansa, tunda antibodi suke nema shi kuwa ba ya yi. Sai da aka yi wanda ke neman ƙwayar cutar ita kanta, ya fito babu.

Aka ɗora shi a sikeli, kilo 11, yana da shekara biyu da wata takwas. Da nauyi ake lissafin, miligiram 400 zuwa 600 kan kowane kilo, nasa ya kama giram 5, kwalba ɗaya cif. Aka fito da ita daga kula aka ajiye a tebur sanyin ya sake ta, domin ba a sawa da sanyinsa. Aka ba shi farasitamol, aka ce in ta ba shi ruwa da kunu, wanda ya sha ruwa sosai ciwon kai ya fi zo masa da sauƙi bayan ƙarin.

Yaron da ya sha kwanciya jijiyoyinsa duk sun ɓuya. Na naɗe shi da zanina na rungume shi a ƙirji, hannu ɗaya kawai a waje. Sista ta ɗaure damtsen, ta bubbuga bayan hannun, ta soka, babu. Ta koma ɗaya hannun. Sai a karo na huɗu, a ƙafa, jini ya leƙo cikin kanula. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana kiran babansa, wanda ke tsaye bakin taga ya juya mana baya.

Ruwan ba shi da wata kama, kamar ruwan sha ne mai ɗan yauƙi, in ya motsa ya yi 'yar kumfa. A hankali ake farawa, ɗigo ɗaya, a jira, ɗigo ɗaya. Sista ta zauna da agogo a hannu, duk minti 15 ta auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, in lafiya ta ɗan ƙara gudu. Wajen minti 40 sai ya fara karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, yana nuna bayansa yana cewa ciwo. Na ƙwala kira. Ta murɗe robar ta tsayar da ruwan, ta lulluɓe shi, ta aika a kira likita. Aka duba numfashinsa da leɓɓansa da fatarsa, ba kumburi, ba borin jini, ba shaƙewa. Likitan da ya zo ya ce wannan yakan faru a karon farko, musamman ga yaron da akwai sauran ciwo a jikinsa. Abin da ake tsoro shi ne numfashi ya toshe ko jini ya faɗi, shi ya sa allurar gaggawa take ajiye a tire kusa da gado tun kafin a fara. Bayan rabin awa karkarwar ta lafa, aka ci gaba da rabin gudun da. Ƙarin da aka ce awa uku zai ɗauka sai da ya kai mu la'asar sakaliya.

Za mu tafi sista ta ɓare 'yar takardar da ke jikin kwalbar, mai lambar rukunin da aka haɗa shi, ta manna a wani littafi, ta rubuta kwanan wata da nauyinsa da abin da ya faru. Ta ce kada littafin nan ya rabu da ni, in wata rana aka samu matsala da wani rukuni ko aka canza mana kamfani, da shi za a bi sawu. Yanzu muna kan littafi na uku.

A watan farko ban ga canji ba, na biyu ma haka, har Hajiya ta fara tambayar ko kuɗin nan ba a banza suke tafiya ba. A na uku, wata safiya na ɗaga matashinsa na ga ba tabon mugunya. Washegari na duba, babu. Na ƙi wanke rigar matashin har kwana huɗu don in tabbatar wa kaina. Gudawar kuwa aka gano wata ƙwaya ce mai suna Giardia, aka yi maganinta ta tsaya. Hunturun shekarar ya zo da ƙurarsa ya wuce ba mu kwana a asibiti ko sau ɗaya ba. Ya yi kumatu, ya fara gudu, ya fara ƙiriniya, ranar da ya fasa mini tulu ban iya ko tsawata masa ba.

Daga baya na zauna na nemi sanin abin da ake zuba masa. Daga filasma ake tace shi, ruwan nan mai kalar ɗorawa da ke tasowa sama in an raba jini. Ana haɗa na mutum dubbai, a tace, a kashe ƙwayoyin cuta, a fitar da IgG zalla. Hanyar tacewar ta samo asali ne daga aikin Edwin Cohn a jami'ar Harvard lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma mafi yawan filasmar da duniya ke amfani da ita daga Amurka take fitowa. Dalilin haɗa na mutane da yawa shi ne kowa da ciwon da ya taɓa yi ya warke, kowa da rigakafin da aka yi masa. Wanda ya yi ƙyanda yana yaro, wadda aka yi wa allurar tetanus tana da ciki, duk yarona yana cin moriyarsu. In ana ƙarin nakan sa su a addu'a.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Cikin kamar mako uku rabin abin da aka zuba ya tafi, shi ya sa ake komawa duk mako uku ko huɗu. A makon ƙarshe ina gani a jikinsa, yakan yi laushi, hanci ya fara yoyo, ya dawo daga makaranta ya kwanta ko uniform bai cire ba. Ana auna IgG gab da sabon ƙari, lokacin da ya fi sauka. Likitarmu ba ta yarda ya yi ƙasa da 500 ba, ta fi son ta gan shi tsakanin 700 da 800. In nauyi ya ƙaru a ƙara yawa. Yanzu kilo 21 ne, giram 10, kwalba biyu. Kuma IgG kaɗai ke cikin kwalbar, babu IgA mai tsaron hanci da ido da hanji, don haka majina da ciwon ido da ɓacin ciki ba su rabu da mu ba. Ruwan shansa dafaffe ne, ba ya shiga kududdufi, zazzaɓi kuma in ya zo ba ma jiran gari ya waye.

Shekarar 2023 ita ce ba na son tunawa. Darajar naira ta faɗi, kuɗin kwalba ya ninka cikin 'yan watanni, gwal kuma ya ƙare. Muka zauna ni da maigidana muka yanke shawara tsakaninmu, ba mu gaya wa likita ba, cewa tunda yaro ya warware bari mu riƙa ja zuwa mako shida. Sau biyu muka yi ba abin da ya faru. A na uku muka kai mako bakwai, ya tashi cikin dare numfashi na sarƙewa. Kwana 12 muka yi a kwance, har da oksijin. Bayan nan aka yi masa hoton CT, aka ga a ƙasan huhunsa na hagu hanyoyin iska sun buɗe sun saki, majina na taruwa a ciki. Wannan ba ya komawa yadda yake. Likitar ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce mai yiwuwa tun ciwukan baya abin ya fara, amma da mun gaya mata da an san dabarar da za a yi a tsakani. Tun lokacin, safe da yamma nakan kifa shi a cinyata in lanƙwasa tafin hannuna kamar ludayi in bubbuga bayansa har majinar ta taso, kuma yana shan azithromycin sau uku a mako. Kuɗin kwanciyar nan ya fi na kwalaben da muka tsallake. Duk uwar da ke wannan hanya, in aljihu ya gaza, ta faɗa wa likitanta ƙiri-ƙiri, kada kunya ta sa ta yi abin da muka yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imunogulobulin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, amma inshorar da ake cira daga albashina duk wata ba ta biyansa. Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa a ɗakin ƙarin, 'yarta budurwa ce, nata nau'in daban ne, sai da ta girma ya bayyana. Wata biyu ban gan su ba na kira ta. Ta ce sun koma ƙauye.

Sai maganar polio, wadda sai na yi ta a hankali domin a nan arewa an san tarihinta. Ɗigon da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai, wadda aka raunana. Yaro mai lafiya jikinsa ya gane ta ya koyi yaƙarta ya fitar da ita. Irin nawa kuwa tana iya zama a hanjinsa tsawon lokaci har ta yi masa illa. An ɗiga masa sau da yawa kafin a gano lalurar, shi ya sa aka kai kashinsa gwaji, Allah ya tsare ba a samu komai ba. Likita ta rubuta mana takarda cewa shi da ƙannensa da ke gida ɗaya ba za a ɗiga musu ba, na allura za a yi wa ƙannen, wanda ƙwayarsa matacciya ce. Duk zagaye in matan nan sun yi sallama da 'yar kularsu da alli, sai in fito da takardar. Farko sun ɗauka cikin masu ƙi nake, har maganar ta kai wajen mai unguwa, maigidana ya je ya yi bayani. Abin da ya fi ƙona mini rai wata maƙwabciya ce da ta zo tana yaba mini, wai na yi ta maza na kore su. Na zaunar da ita na ce: "Yaya, ki bari a yi wa naki. Nawa ba zai iya ba. In ƙyanda ko shan inna ta shigo layin nan, shi za ta fara kayarwa." Ko kariyar ƙyanda da polio da ke cikin kwalbar da nake saya, daga jinin waɗanda aka yi wa rigakafi ta fito.

Akwai wata hanyar ba da ruwan da likitarmu ta nuna mini hotonta, ta ƙarƙashin fata, da 'yar siririyar allura a ciki ko a cinya da ɗan ƙaramin inji, kaɗan-kaɗan duk mako, uwa ta yi da kanta a gida. Ba neman jijiya, kuma kariyar ba ta hawa da sauka kamar tamu. Mun tambayi mai kawo mana, har yanzu bai samo ba.

A 2024 na sake haihuwar namiji. Tun ina da ciki aka tsara komai. Da ya faɗo ba a ɗiga masa na baki ba, aka ɗebi jininsa aka ƙirga ƙwayoyin B, domin auna IgG a jariri ba ya nuna komai, na uwarsa ne a jikinsa. Kwana tara muka jira, har aka yi suna ban iya cin abinci ba. Ya fito lafiya lau. 'Yata mace kuwa mun bar gwajinta sai ta yi hankali a yi da saninta, kafin maganar aure. Na kira 'yan'uwana mata uku na gaya musu komai. Biyu sun kai 'ya'yansu maza an auna, ɗayar mijinta bai yarda ba tukuna, ina nan ina bi.

Inna ce na daɗe ban san ta inda zan fara mata ba. Watan jiya ta zo ganin jikoki, ranar ƙari ta kama tana nan, ta ce za ta bi mu. Yanzu yaron da kansa yake miƙa hannu ya nuna wa sista jijiyar da ta fi saurin samuwa, ya jingina da matashi yana aikin gidan da aka ba shi a makaranta. Inna ta zauna a benci da carbinta, ba ta ja ba, idonta na kan ɗigon. Can ta ce: "Wannan ɗan ruwan ne kawai?" Na ce: "Shi ne, Inna." Ta yi shiru har kwalbar farko ta kusa rabi. Sai na ji ta a hankali tana kiran sunayen yaran nan biyu, har da na ɗan farinta, wanda tun da nake ban taɓa ji daga bakinta ba. Sista ta shigo da agogonta ta auna shi, ta ƙara gudun ruwan.